Kyaftin ya je sama ya dawo da hawaye: musayar waƙa a kan William Shatner

Baba Gamzaki:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon ni ke da buɗe fage, kuma na zaɓi William Shatner, ɗan wasan da ya fito a matsayin Kyaftin Kirk a shirin talabijin na Star Trek daga 1966 zuwa 1969. Mutumin nan ya daɗe a raina, tun ranar da na ga hoton saukowarsa daga kumbo yana kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa. A cikin waƙa zan riƙa ce masa Shatna don sunan ya zauna a kari. Tawa ƙwar biyu ce, amsa-amo "ya". Mai amsawa ya zaɓi nasa.

Bismillahi da shi nake farawa,
Mai ƙasa, Mai taurari da samaniya.

Yara ku matso in ba ku labari,
Na wani tsoho, ya fi ƙarfin tatsuniya.

Birnin Montreal na ƙasar Kanada,
Can a 1931 ya zo duniya.

A dandamali ya fara neman suna,
Wasan Shakespeare ya gyara masa murya.

Ran nan a Stratford jarumi ya kwanta,
Aka ce fito Shatna, maza ka shirya.

Bai taɓa bita ba, ya zama Sarki Henry,
Ya kai wasan ƙarshe lami lafiya.

Shekara 10 bayan nan sai ga kumbo,
Enterprise, mai tafiya bayan tafiya.

Riga ruwan ɗorawa, Kirk ne sunan,
Kujerar tsakiya tasa ce shi ɗaya.

Ga Spock a gefe mai tsinin kunnuwa,
Spock hankali ne, Kirk kuwa zuciya.

Shekara 3 kacal ana haska su,
Kashi 79, tashar NBC ta juya baya.

Aure ya mutu, aljihu ya bushe,
Kyaftin ɗin jiya ya ɗanɗani wuya.

Ɗakin kwanansa bayan akori-kura,
Yana bin ƙananan wasanni a kan hanya.

Wanda ya kwana can bai bar sana'a ba,
Shi na ɗauko, ku faɗa mini gaskiya.

Zara:

Baba Gamzaki ina gaisuwa,
Waƙarka ta kai ni ga tunawa,
Sai dai akwai sauran faɗawa,
Rabin zancen ba ka kawo ba.

Waɗanda suka zauna da shi a kumbo,
Wasunsu sun hana shi yabo,
A zuciyar wani ya bar tabo,
Har yau bai gama warkewa ba.

Takei da ke riƙe da sitiyari,
Doohan injiniya mai ƙoƙari,
Sun faɗa a fili cikin gari,
Kyaftin bai bar musu fage ba.

In maganar wani ta yi armashi,
Sai a wayi gari ta koma gare shi,
Hasken kyamara sai a kanshi,
Haka suka ce, ban ƙara ba.

Nichelle Nichols, Uhura ke nan,
Da ya zo hira don littafin nan,
Ta gaya masa gaskiya a wurin nan,
Ba ta ɓoye masa komai ba.

Sannan masoya masu bin sa,
Masu ɗinka irin rigarsa,
Ya ce su nemi abin yi, a wasansa,
Wasa ne, amma bai yi daɗi ba.

Ga wanda bai bi shirin ba: George Takei shi ne Sulu, James Doohan shi ne Scotty. Littafin da nake nufi shi ne wanda Shatner ya fitar a 1993 na tuna zamanin shirin. Wasan barkwancin kuwa a shirin talabijin na Saturday Night Live ya yi shi, a 1986.

Malam Alli:

Ƙanwata Zara kin faɗi gaskiya,
Ban zo wanke shi ba da ƙarya,
Laifin da ya yi ba ya goguwa.

Amma ki riƙe mini abu guda,
Da hannunsa ya buga wannan shaida,
Alhali yana da ikon ɓoyewa.

Ni abin da ya kama ni murya ce,
Salon maganarsa ya yi fice,
Masu kwaikwayonsa ba sa ƙirguwa.

Ya ɗauko zance da gudu kamar ruwa,
Tsakiyar jimla sai ya yi tsayuwa,
Ya bar ka a rataye kana jiran saukowa.

Kalma ɗaya sai ya riƙe ta a baki,
Kamar mai jan linzami ga doki,
Sannan ya saki sauran su zubo da yawa.

Wasu sun ce zaƙewa ce tsantsa,
Ni na ce dandamali ne ke bin sa,
Inda na kujerar baya ke son jiyowa.

A 1968 ya yi faifai,
Ba ya rerawa, karantawa yake sarai,
Aka yi ta dariya, shi ko sai ƙarawa.

Ya yi fim da harshen Esperanto,
Harshen da aka ƙaga, wa zai yi zato?
Shi dai in aiki ne ba ya ƙyalewa.

Amma ki koma fim na 1982 ki duba,
Spock na mutuwa, gilashi ya raba,
Kirk na waje, ba halin taɓawa.

Spock ya ɗora tafi a jikin gilashi,
Kirk ya ɗora nasa daidai da shi,
Ya sulale ƙasa, babu ihu, babu tsawa.

Ranar jana'iza yana yabon shi,
Kalma guda ta maƙale a maƙoshi,
Leɓensa na rawa kafin furtawa.

Duk sa'ad da na kalla, ƙanwata,
Sai abin ya tsaya a zuciyata,
Ko da na san Spock na dawowa.

Autan Zaure:

Iyayena ku ba auta wuri,
In sa nawa ko da ya kauce wa kari.

Wayar nan mai murfi da ake buɗewa,
Kirk ya riƙe irinta kafin a fara ƙerawa.

Masoya suka tara dubban wasiƙa,
Ga Shugaba Ford aka je aka miƙa.

Sai kumbon NASA na gwaji, na farko,
Aka sa masa Enterprise, an karɓi saƙo.

Fuskar roba ta Kirk da ke kasuwa,
Aka shafa mata fari don tsoratarwa.

Ita makashin fim ɗin Halloween ke sawa,
Tun 1978 take firgita kowa.

Ya yi ɗan sanda, ya koma lauya,
Lambar Emmy ta zo, wata na bin ɗaya.

An raɗa wa kumbon suna a 1976. Ɗan sandan shi ne T.J. Hooker, lauyan kuwa Denny Crane, wanda ya ci Emmy da shi a 2004 da 2005. Yana da shekara 73 ya ɗauki ta farko, kuma wannan ne ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a duk labarinsa.

Mai Sirdi:

Ku kun tsaya kan kumbo da baki,
Ni inda ya burge ni wajen doki.
Ya yi gona a jihar Kentoki,
Kiwon dawaki ya riƙe shi aiki.
Hawan gasa yake, ya wuce na biki,
Da tsufansa sirdi na manne a jiki.
Fim na 1994, ku duba ciki,
Nasa ne na kansa wancan doki.
Tun 1990 yake shirya biki,
Kuɗin na yara masu rauni a jiki.
Ga kuma babban abin mamaki,
Tsakuwar ƙoda da ta fito masa a ciki,
Dala 25,000 ta yi a ciniki,
Ya ba masu gina wa talaka ɗaki.

A 2006 aka yi cinikin tsakuwar, kuɗin ya tafi ga Habitat for Humanity. Mutumin da ya maida ciwonsa rufin ɗakin wani, ni ba na iya ƙin sa.

Zara:

Malam na ji zancen gilashi,
Ni ma na yi kuka a kanshi,
Amma wancan an rubuta shi,
Na gaske bai zo haka ba.

Shatna da Nimoy mai yin Spock, kwana 4 ne tsakanin haihuwarsu,
Shekara kusan 50 ana ganinsu,
A ƙarshe shiru ya shiga tsakaninsu,
Nimoy bai ƙara amsa shi ba.

Fabrairun 2015 Nimoy ya cika,
Ciwon huhu, sigari ya jawo haka,
Shatna na Fulorida a taron sadaka,
Bai kai ga jana'izar ba.

'Ya'yansa mata suka je a madadinsa,
Ya ce alkawari ne ya riƙe ƙafarsa,
Baba, mutum da babban amininsa,
Ni dai hujjar ba ta ishe ni ba.

Baba Gamzaki:

'Yata Zara, ba zan kare shi a kan jana'izar nan ba. Ni ma da na ji sai da raina ya sosu, don na san abin da ake nufi da raka aboki makwancinsa. Shi ma abin bai bar shi ya huta ba. A 2016 ya rubuta littafi sukutum a kan abotarsa da Leonard Nimoy, ya kuma faɗa cewa bai san takamaiman abin da ya sa abokin nasa ya daina yi masa magana ba. To ga abin da ya sa na ɗauko shi tun farko.

Ranar Laraba, 13 ga Oktoba,
Shekarar kuwa 2021.

A dajin Teksas kumbo na jiran shi,
Na Jeff Bezos, mai kuɗin duniya.

Da shekara 90 ya kama matakala,
Yana hawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Su 4 ne a ciki, babu matuƙi,
Na'ura ce ke jan ragamar tafiya.

Da suka kai sama nauyi ya ɗauke,
Sauran na ta juyi suna dariya.

Shi ko taga ya nufa ya manne,
Ya ƙura ido waje, ya juya musu baya.

Shuɗin da muke ɗaga kai mu duba,
Ashe ɗan mayafi ne a kan duniya.

Ƙiftawar ido aka yaye shi,
Sai baƙi ƙirin kamar cikin rijiya.

Ya duba ƙasa, ga ruwa ga gajimare,
Ya ce uwa ke nan, can ne lafiya.

Ya duba sama, ba ɗumi ba motsi,
Shin mutuwa ke nan? Ita ce tambaya.

Shekara 55 ana ce masa kyaftin,
Na kumbon katako da fitilun ƙarya.

Ran da ya je da ƙafarsa ya leƙa,
Zaman makoki ya ji a zuciya.

Minti 10 da 'yan daƙiƙai aka sauko,
Lema ta ajiye su a ƙasa busasshiya.

Bezos ya girgiza kwalba yana fesawa,
Tsoho na gefe yana neman murya.

Hannu a fuska, hawaye na zuba,
Ya ce ba ya son warkewa daga wannan jinya.

Daga baya ya rubuta dalilin kukan,
Ɓarnar da muke wa ƙasa ba jin kunya.

Dabbobi da tsirrai na ta ƙarewa,
Har abada, ba sauran zuriya.

Zara, mai girman kai ne, na yarda,
Amma ranar nan na ga ya sunkuya.

Malam Alli:

Baba, Allah ya ƙara basira. Bari in ƙara lissafi kaɗan. Kumbon na kamfanin Blue Origin ne, ya kai tsayin kusan kilomita 107, ya ɗan haura layin kilomita 100 da ake ɗauka a matsayin bakin sararin samaniya. A ranar Shatner ne mafi tsufa da ya taɓa zuwa can. A watan Mayun 2024 Ed Dwight ya karɓe wannan matsayi, shi ma da shekara 90. Dwight baƙar fata ne, matuƙin jirgin sojan Amurka da aka sa a horon 'yan sama jannati a farkon shekarun 1960, amma NASA ba ta ɗauke shi ba.

Ɗaya ya yi kyaftin a kan allo,
Ɗaya an bar shi a ƙasa yana kallo,
Kumbo iri ɗaya ya kai su da furfura da yawa.

Zara:

Baba na nemo hoton na kalla,
Na ga tsoho ido cike da ƙwalla,
Ana ta fesa kwalba ana walwala,
Kukan nan bai yi kama da fim ba.

Jana'izar Nimoy tana raina,
Ba ta fita ba don kun yi magana,
Amma na rage masa nauyi a mizanina,
Ban dai sauke shi duka ba.

Mako mai zuwa ni ke da fage,
Nichelle Nichols, a kanta na dage,
Bashinta a kanmu ya kamata a rage,
Ba mu taɓa yi mata waƙa ba.

Ta so barin shirin tun da wuri,
Martin Luther King ya ce ta yi haƙuri,
A 1977 ta shiga gari-gari,
Tana nemo wa NASA waɗanda ba a ɗauka ba.

Mae Jemison na yarinya tana kallo,
Ta ga baƙar mace a kan allo,
A 1992 ta hau sama ta buɗe salo,
Kafin ita baƙar mace ba ta je ba.

Amsa-amon mako mai zuwa "ra" ne, saboda Uhura. Daga kalmar Suwahili ta 'yanci aka ɗauko sunan. Malam Alli, tunda kai ka kawo zancen Ed Dwight, kai za ka fara amsa mini.