Tura wa edita aikin biki ta Google Drive, zai yiwu kuwa da irin netwok ɗinmu?

mai_kyamara_kofarkaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina ɗaukar bukukuwa a nan cikin Katsina, kamu da ɗaurin aure da dina har buɗar kai, kuma yanzu kowace amarya 4K take so, wato bidiyo mai tsananin fitowa tar amma mai nauyi. Mai yi min editin yana Kano, kullum sai na kwafe aiki a had disk na kai tasha na ba direba, hankalina baya kwanciya sai ya kira ya ce ya karɓa, don aikin mutane ne kuma ba a sake ɗaura aure saboda kyamara. An ce in koma Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet. Wanda ya gwada don Allah ya faɗa min gaskiya.

dattijon_sutudiyo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da lissafi tukuna. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a 100Mbps tana cin kusan 45GB a awa ɗaya, to ko da layinka na ɗora kaya a 10Mbps cur ba yankewa, awa 10 kenan kafin wannan awa ɗayan ta hau, ban da kuɗin data ban da ɗauke wuta. Mutane suna duba saurin saukewa su ji daɗi, alhali saurin ɗorawa ne ya shafe mu kuma shi ne ƙarami. Sannan kyautar Google 15GB ce kacal, ita ma Gmail da Photos na ci a ciki. Dropbox 2GB, Mega 20GB. Ɗanyen aiki dai direban nan ya fi su sauri wallahi.

editan_layout:
Maigida ya faɗi gaskiya amma akwai hanya, furoksi. Manhajojin editin Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna yi, ka sa su fitar maka da ƙananan kwafi na kowane kilif, a tsarin bidiyo na H.264 da ƙaramin girman hoto na 720p, nauyin ya faɗo sosai har ka iya ɗorawa da daddare da datar dare. Editanka ya sauke ya yanka ya jera ya sa sauti, sai ya dawo maka da fayil ɗin furojet kawai, wato tsarin yankan da jerin ba bidiyon kansa ba, wanda bai da wani nauyi, kai kuma ka buɗe a kwamfutarka ka haɗa shi da ainihin 4K ɗin ka yi renda, wato ka fitar da bidiyon ƙarshe. Sharaɗi ɗaya, kar wanda ya canza sunan fayil ko ya motsa folda, in ba haka ba jan allo zaka gani ko'ina don manhajar ta kasa gano fayilolin, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana nemowa. Kuma manhajarku ta zama zubi ɗaya, furojet ɗin sabuwa baya yarda ya buɗe a tsohuwa. Gyaran kala ka bari sai kan ainihin hoton, furoksi na ɓoye abubuwa musamman hasken holi da daddare.

yar_daura_media:
Yaya ni abin da ke damuna daban ne. Bidiyon kamu mata ne zalla, wasu ba mayafi, amana aka baka. Kar ka saita linki yadda duk wanda ya same shi zai buɗe, sa imel ɗin editan shi kaɗai, in aiki ya ƙare ka cire shi. Kuma in ka haɗa folda da Drive ka goge abu a kwamfuta can ma ya tafi, kwana 30 yake yi a kwandon shara shikenan. Ni ainihin aiki a had disk biyu nake ajewa, ɗaya shago ɗaya gida, wanda aka gama kawai nake ɗorawa.

mai_kyamara_kofarkaura:
Allah ya saka da alheri duka. Malam editan_layout furoksin nan zan gwada da aikin Asabar. Sautin da na ɗauka daban da rikoda fa, shi ma sai an rage shi ko in tura yadda yake?

editan_layout:
Tura shi yadda yake, sauti bai da nauyi. Ka dai sa shi folda ɗaya da furoksin.