Inbatar sola tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, alhali rana na tsaka

Sani Mai Waya:
Assalamu alaikum manyanmu. Na haɗa wa wani mai shagon ruwan sanyi a Sabon Gari sola mai kilowat 5, inbatar irin wadda ake jonawa da wutar layi kai tsaye, babu batir. In da wuta, lafiya lau. Ana ɗaukewa, ko ƙarfe ɗayan rana ne, sai ta mutu murus. Haka ma in wutar ta zo rabi-rabi. Alhajin ya fara cewa jabu na sayo masa. In na tada janareta don ta ga wuta, za ta tashi?

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba jabu ba ce, haka aka ƙera ta. Wannan inbatar ba ta da kiɗan kanta, na layi take bi. Tana auna ƙarfin wutar, bolt 230, da jujjuyawarta sau 50 a daƙiƙa, ta daidaita da su, sannan ta tura tata a kai. Kuma da gangan aka sa mata kashe kanta: ƙa'idar injiniyoyin lantarki mai suna IEEE 1547 ta ce kada ta wuce daƙiƙa 2 tana ba mataccen layi wuta. Ka tuna taransifoma tana aiki gaba da baya. Wutar shagon nan in ta koma, za ta iya zama bolt 11,000 a kan wayar da ma'aikaci ya hau gyara, shi kuwa ya san an kashe. Batun rabi-rabi, akwai iyakar da aka yanka mata, in wuta ta yi ƙasa da ita sai ta janye.

Baban Ummi:
Janareta kam kada ka soma! Tashi za ta iya yi, amma in firji-firjin suka huta, ina rarar wutar za ta? Cikin janaretan, kuma ba a yi shi don karɓa ba. Duba mitar ma. Wasu mitocin kati ba ruwansu da inda wuta ta nufa, wadda ka tura waje ma sai su ci kuɗinta. Akwai ɗan zoben da ake maƙalawa a wayar shigowa, yana hana inbata fitar da rara.

Injiniya Kabiru:
Gaskiyar Baban Ummi. Irin wannan ta dace da ƙasa kamar Jamus, inda wuta ba ta cika yankewa ba, kuma dokarsu ta shekarar 2000 ta sa ana sayen wutar da mutum ya tura. Alhaji haibirid yake buƙata, wato inbatar da ke aiki da layi da kuma batir. Ita in an ɗauke, sai ta raba kanta da layi ta samar da tata.

Sani Mai Waya:
Allah ya saka da alheri. Farantan solar fa, za su yi da haibirid ɗin? Guda 10 ne a jere ɗaya, suna ba ni wajen bolt 400.

Injiniya Kabiru:
Karanta takardar da ke gefen haibirid ɗin kafin ka biya. Wasu suna ɗaukar har bolt 500, wasu 145 ne iyakarsu. In ta biyun ce, sai ka wargaza jerin ka sake shi bibbiyu, da waya mai kauri.