Musayar Waƙa: Basko da Gama, Gwanin Teku ko Ɗan Fashi?

Ɗan Sarkin Jirgi:
Salamu alaikum. Ga batu na ajiye, mai baiti ya ɗora.

Da sunan Rabbana zan fara,
Mai teku da iskar da ke kaɗawa.

Batuna yau Basko ne da Gama,
Ɗan Sines a Fotugal, can ya yi tasowa.

Yulin 1497 ya bar Lisbon,
Sarki Manuwel ne mai aikawa.

Jirage huɗu, maza kusan 170,
Hanyar barkonon Indiya ce abin nemowa.

Bai rungumi gaɓa kamar na baya ba,
Tsakiyar teku ya dosa yana ratsawa.

Wata uku cur babu tudu babu gari,
Ruwa da sama kaɗai ido ke hangowa.

Diyas, matuƙin Fotugal, ya kewaye ƙarshen Afirka a 1488,
Mutanensa suka ƙi gaba, sai komawa.

Shi ko Gama ya wuce bai waiwaya ba,
Mayun 1498 Kalikut ta Indiya ya yi isowa.

Wanda ya iya wannan ku ba shi girmansa,
Namiji ne, ya cancanci jinjinawa.

Malam Mai Allo:

Ɗan Sarkin Jirgi, baitinka ya yi zaƙi,
Sai dai ka tsallake mutum wajen ƙirgawa.

Daga Malindi ta gabashin Afirka zuwa Kalikut wa ya ja shi?
Bai san iskar nan ba da lokacin juyawa.

A Mozambik da igwa ya yi musu sallama,
Mombasa ta dube shi ta ƙi amincewa.

Sarkin Malindi, mai gaba da Mombasa,
Shi ya ba shi jagora mai ganewa.

Kwana 23 suka yi suka ƙetare,
Ruwan da Larabawa suka daɗe da sabawa.

Mutanen Suwahili da Gujarat da Farisa,
Ƙarni bayan ƙarni suna zuwa da dawowa.

Turbar da ayari ya riga ya tattake,
Na baya bai isa ya ce shi ne mai buɗewa.

Ƙanwar Maza:
Malam da Yaya, ku ɗan matsa mini. Ni wurin dariyar na zo, kuma da nawa amsa-amon.

Ya kwance kaya don kai wa fada,
Yadi mai ratsi da huluna shida,
Murjani, sukari, zuma da tasoshi gefe guda,
Fadawan Zamorin, sarkin Kalikut, suka fashe da dariya.

Suka ce ko ɗan tireda daga Makka,
Kyautarsa ta fi wannan taka,
In da zinare fito da naka,
In babu, kar ka kai wa sarki abin kunya.

Haikalin Hindu aka kai shi yana murna,
Ya ɗauka coci ne Allah ya nuna,
Ya ga siffar mace ya raɗa mata suna,
Wai Maryama ce ya tarar a Indiya.

Ɗan Sarkin Jirgi:

Ƙanwata, yi dariyarki babu laifi,
Amma ji abin da ya sha wajen dawowa.

Ya taso iska ba ta ba shi baya ba,
Tafiyar kwana 23 ta koma wata uku ana lalubawa.

Dasashi ya kumbura ya rufe haƙora,
Ƙafa ta yi suntum, maza suna faɗuwa.

Mutum 30 teku ta karɓa a nan kaɗai,
Jirgi guda suka ƙona don babu masu tuƙawa.

Wansa Paulo ya cika a tsibiran Azores,
Fiye da rabin ayarin babu mai komawa.

Duk da haka barkono ya sauka a Lisbon,
Ba sai ta Masar da Banis ta Italiya ba ake sayowa.

Hajiya Inna:
'Ya'yana, duk kun tsaya a tafiyar farko. Akwai ta biyu, kuma ita ba a yi mata dariya.

A 1502 ya komo da jirage 20,
Ciniki a baki, ramuwa ce a ransu.

Wai fansar nasu da aka kashe a Kalikut,
Shekara biyu baya, Kabral na shugabansu.

A gaɓar Malabar ya tare jirgin Miri,
Alhazai ne daga Makka za su gidajensu.

Ɗaruruwa ne, maza da mata da yara,
Rigimar Kalikut babu ko hannunsu.

Attajiran ciki suka ce a yanka fansa,
Za su cika jirage da yaji don a sake su.

Ya kwashe dukiya, ya ƙi fansar rai,
Ya sa a cinna wuta a jirgin da ke ɗauke da su.

Suka kashe wutar, suka kare kai da duwatsu,
Kwana da kwanaki ba su miƙa wuyansu.

Mata suka ɗaga zinare da awarwaro,
Suka ɗaga jarirai sama don ya gan su.

Yana leƙe ta kafar jirginsa yana kallo,
Bai ce a bari ba har wuta ta cinye su.

Yara kimanin 20 kaɗai aka tsame,
Aka yi musu baftisma aka raba su da addininsu.

Ɗana, ka ce namiji ne, na ji ka,
Nuna mini mazantakar da ke cikin ƙona su.

Mai Ja-in-ja:

Inna, Allah ya jiƙan alhazan nan,
Amma mu auna mutum da mudun zamani.

Ƙarnin takobi ne, kowa da igwarsa,
Sarakuna nawa suka yi aikin rashin imani?

In don jini za a goge sunan jarumi,
Wa zai rage a tarihi, gaya mini?

Malam Mai Allo:

Ɗan'uwa, zamanin nasa ma bai haɗiye ba,
Shaidar daga ayarinsa take, ba daga gare ni.

Tome Lofes, magatakarda a jirgin Fotugal,
Shi ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Ya ce ranar nan ba za ta bar ransa ba,
Har ya mutu. To ina batun zamani?

A Kalikut masunta ya kama ya rataye,
Ya aika wa Zamorin gaɓoɓinsu cikin jini.

A Kilwa ya ɗora wa sarki haraji dole,
An ƙera zinaren a Lisbon ya zama kayan addini.

Ƙanwar Maza:

Fotugal dai ta ba shi sarauta,
A 1524 ta sake aika shi da tuta,
Wata uku da isa ya kwanta da cuta,
Jajibirin Kirsimeti ya bar duniya.

A Kochi ta Indiya aka binne shi a coci,
Aka kwashe ƙashinsa gida da mutunci,
Yau yana Belem ta Lisbon cikin karamci,
Masu yawon buɗe ido na layi tun safiya.

A 1998 Lisbon ta buɗe gada da sunansa,
Ana bikin shekara 500 da isarsa,
A Kerala kuwa, jihar Kalikut, zanga-zanga aka yi ta ƙinsa,
Suka ce shi ya share wa mulkin mallaka hanya.

Ɗan Sarkin Jirgi:

Inna, kan Miri ba ni da baitin kariya,
Wannan ta'addanci ne, babu rufewa.

Amma wata ukun nan a tsakiyar Atilantika,
Ina nan kan bakana, ba na janyewa.

Baƙon Zaure:
Malam, gafarta. Jagoran nan na Malindi, shi ne Ahmad bin Majid? Haka na sha ji.

Malam Mai Allo:

An daɗe ana faɗin haka, ɗan'uwa,
Masana na yanzu sun daina amincewa.

Bin Majid gwani ne, ya rubuta ilmin teku,
Amma ba shi ba ne ya yi wannan tuƙawa.

Marubutan Fotugal na wancan ƙarni,
Mutumin Gujarat ne suke nunawa.