Karnukan farauta a fadamar Argungu: me ya sa hotonsu ke fitowa dishi-dishi?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum. Ina son ɗaukar karnukan mafarauta a fadama wajen Argungu, yanzu da aka gama yankan shinkafa. Kayan aikina Canon 600D ne da gilashi 55-250mm, sai wayar Tecno. Idan kare na gudu, ciyawa da itatuwa su fito tangaram, shi kuwa kamar hayaƙi. Ga hazo na sa komai ya yi fari. Ina gyaran yake?

Mai Hoto:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Tunda itatuwa sun fito ras, ba hannunka ke rawa ba, shata, wato labulen da ke buɗe wa haske hanya a cikin kyamara, ce ke daɗewa a buɗe. Juya maɓallin sama zuwa Tv, inda kai ke zaɓar saurin shata, ka sa 1/1000 na daƙiƙa idan kare na gudu, 1/500 idan yana sassarfa, 1/250 ya isa wa wanda ke kwance. Wancan IS da ke jikin gilashin rawar hannu kawai yake gyarawa, ba ya tsayar da abin da ke motsi. Nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Gilashin naka idan ka jawo shi zuwa 250mm ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, saboda haka ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zai hau. Da safe 400 zuwa 800 ya wadatar. Ya wuce 1600 a wannan kyamarar, hoto zai fara yin tsaki-tsaki, amma gara tsaki da dishi.

Sai saiti. Cire One Shot, mai kulle saiti wuri ɗaya, ka koma AI Servo, mai bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon saiti na tsakiya shi kaɗai, don ya fi sauran takwas ɗin kamawa. Ɗora shi a kan kai ko ƙirjin karen, ka danna maɓallin ɗauka rabi kana binsa, sannan ka danne gaba ɗaya. Hotuna kusan huɗu take yi a daƙiƙa, don haka fara da karen da ke gilmawa ta gefe. Mai tunkaro ka kai tsaye ya fi wuya.

Hajiya Mai Kyamara:
Malam Mai Hoto ya gama da shata, amma akwai abin da ya bari. Yawancin karnukan nan ja-ja ne, launinsu ɗaya da karan shinkafa, shi ya sa kyamara ke barin kare ta kama ciyawa. Nemi inda bayansa zai zama ruwa, koren lambun albasa, ko inuwar giginya. Kuma ka durƙusa har gilashi ya zo daidai idonsa. Hoton da aka ɗauka a tsaye gadon baya ne kawai da ƙasa.

Batun hazo: a Disamba rana kan fito wajen ƙarfe bakwai, daga nan zuwa takwas da rabi ne lokacinka, sai kuma daga biyar na yamma. Kar ka cika hoton da sama, fari za ta fito ko me ka yi. Matso kusa, domin yawan nisa yawan ƙurar da ke tsakaninku. Baƙin kare a kan farin yashi kuwa, ƙara haske da +2/3 ko +1, in ba haka ba ido da hanci duk su ɓace.

Ɗan Kabi:
Na gode, Hajiya. Wayar fa?

Hajiya Mai Kyamara:
In kyamararta tana da Pro, inda kake saiti da kanka, sa 1/1000 a can ma. Kar ka jawo hoto da yatsu, yanke shi kawai take yi. Ta fi dacewa da faɗin fadama da kare a zaune.

Baban Yauri:
Yaro, ƙara da wannan. Kar ka canza gilashi a fili lokacin hunturu. Ƙura ta shiga ciki za ka riƙa ganin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman idan ka tsuke ƙofar haske daga f/11 zuwa sama. Hura iska da ɗan famfon roba kafin ka goge, kuma ba da bakin riga ba, yashi na karce gilashi.

Karen kuma, mai shi yake ji. Nemi izinin maharbin, ka sa ya tsaya bayanka ya yi fito, kunnuwa za su miƙe, fuska ta juyo gare ka. Kar ka durƙusa gaban karya mai 'ya'ya ko karen ruga, tsaya nesa, amfanin 250mm ke nan. In tsautsayi ya sa aka cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ka wuce asibiti ranar don allurar haukan kare.