Bayan karayar jari, daga ina ake farawa?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. Ɗan kasuwa ne jari ya karye, ga bashin mutane a kansa, abin da ya rage kaya ne kaɗan a shago. Ya nemo rance ya ci gaba, ko ya rufe ya fara biyan bashi? Masana, a taimaka.

Malam Akanta:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ya karɓi rancen kowa tukuna, sai ya gano ramin da kuɗin suka zurare. Ya samu littafi ya rubuta abin da ake binsa da ranar biya, abin da yake bin mutane, da kayan da suka rage a farashin da za su sayu yau, ba yadda ya saro su ba.

Galibi ramin ɗayan biyu ne. Ko dai aljihun gida da na shago sun zama ɗaya, ana cin uwar kuɗi ana zaton riba ce, ko kuma bashin da ya ba abokan ciniki. Duba lissafin: kayan da ka saro a 90 ka sayar a 100, ribarka 10 ce. Mutum ɗaya ya ɗauka bai biya ba, sai ka yi irin wannan cinikin sau 9 kafin ka mayar da uwar kuɗin kawai. Mutane uku irinsa sun isa su durƙusar da ƙaramin shago, alhali ciniki na tafiya.

Hajiya Mai Sari:
Malam Akanta ya yi daidai, amma masu bin bashi ba za su jira a gama lissafi ba. Ya je musu da ƙafarsa kafin su zo. Kashe waya shi ke mayar da bashi rigima. Ya faɗa wa kowa abin da zai iya bayarwa duk wata, ko kaɗan ne, kada ya yi alƙawarin da ya fi ƙarfinsa don kunya, domin saɓawa karo na biyu ta fi ta farko muni. A rubuta, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Aya ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Bashin da ke ƙaruwa da lokaci ko wanda aka ba da jingina a kansa shi ake fara kashewa, sai na wanda yake sarar kaya a wurinsa, don shi ne ƙofar komawa kasuwa.

Baba Dillali:
Ni ban ga dalilin riƙe shago ba in haya na cin ribar. Ya karyar da kayan da suka kwanta, ya yi dillanci ko ya karɓi kaya ya sayar a ba shi la'ada, wannan ba ya buƙatar jari. In ya tashi saro nasa, ya nemi mai saurin fita: ribar kashi 5 da ke juyawa sau 4 a wata ta fi kashi 15 mai juyawa sau ɗaya.

Kuma iyalinsa su sa ido a kansa. In ya wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, yana guje wa mutane, a kai shi wurin likita, a duba har da hawan jini.