Mutum goma sha tara a gidan Hajiya

Auta: Assalamu alaikum. Manya ku yi min afuwa, akwai maganar da na daɗe ina dannewa, yau dai sai ta fito. Wata huɗu ke nan da na baro ɗakina a Kaduna na dawo Katsina jinyar Hajiya. Daga jajibirin Sallah zuwa jiya Laraba, mutum goma sha tara suka kwana a gidan nan, ban da masu shigowa su gaisa su wuce. Ɗaki uku ne, banɗaki ɗaya, kun dai san gidan. Daren Hawan Bariki da na auna jininta 178 bisa 100 na gani, alhali kafin Sallah bai cika wuce 140 bisa 85 ba. Ni dai abin da na gani, irin wannan zuwan na taron dangi wahalar da tsoho yake yi, ba ya ƙara masa komai. A sa lokaci, daga la'asar zuwa magariba. Kwana kuma sai wanda ya zo jinya.

Babban Yaya: Wa'alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Auta, Allah Ya saka miki. Amma ki janye maganar nan. Gidan Hajiya ba asibiti ba ne da za a kafa allo a bakin ƙofa. Tun Baba na da rai ba a taɓa tura ƙyauren zauren nan da rana ba, sai yanzu da ya kwanta dama za a ce 'ya'yansa sun fara korar dangi? Da wane ido za mu kalli mutanen Kankiya da na Daura?

Kawu: Na karanta. Auta, 'yar nan, gajiya ce ke magana a bakinki. Dubiyar mara lafiya tana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda yake son a yalwata masa arziki a tsawaita masa kwana, to ya sada zumunci. Zumunci kuwa a ƙafa yake. Mutum ya biya kuɗin mota a wannan marra, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san abin da tafiya ke ci, ya iso ki ce masa lokaci bai yi ba?

Auta: Kawu, Allah Ya ba ka haƙuri, ban ce a yanke zumunci ba.

Maman Khalifa: Ni dai tunda ina cikin sha taran nan bari in wanke kaina. Ba hannu rabbana muka zo ba. Buhun shinkafa muka sauke, da jarkar mai, da katan biyu na lemo.

Auta: An gode Anti, Allah Ya ƙara buɗi. Sai dai shinkafa ba ta dafa kanta. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da take kai mu wata guda ni da Hajiya, kwana biyar ta yi. Famfo bai kawo ba, kura uku nake saye kullum wajen 'yan ga-ruwa. Lemon kuma, shi ne wanda na tarar an buɗe mata har kwalba biyu ranar Sallah, mai ciwon suga.

Maman Khalifa: Ita ta ce a ba ta.

Anti Nas: To bari in sa baki, tunda nan ne wajen aikina. Auta ta yi gaskiya a rabi, ta zarce a rabi. Ganin fuskar dangi ba ya ɗaga jinin kowa. Abin da ke ɗaga shi a irin wannan taro sanannu ne. Na farko rashin barci, ana hira a kanta har sha biyun dare, asuba kuma an tashe ta gaisuwa. Sai gishiri, don girkin Sallah ba na mai hawan jini ba ne, miya ta sha dunƙule, ga soyayyen nama, kuma ba wanda zai tsaya cire mata nata daban in ana girkin mutum ashirin. Sai magani. Metformin ɗin da take sha, maganin suga, da abinci ake haɗa shi, idan kalacin takwas ya koma sha ɗaya saboda layin tukunya, duk tsarin ya rushe. Akwai kuma abin da ba ku ambata ba wanda ya fi damuna: yara masu mura da tari ana ɗora mata su a cinya a ɗaki rufe. Murar da yaro zai warke cikin kwana uku, tsohuwa mai shekara kusan tamanin tana iya sauka mata a ƙirji ta zama nimoniya.
Amma cewa ziyara ba ta ƙara wa tsoho komai, wannan ban yarda ba ko kaɗan. Na ga tsofaffi lokacin kullen korona a 2020, waɗanda aka hana kowa shiga wurinsu. Ba cutar ta kama su ba, amma sun daina cin abinci, sun daina magana, wasu ruɗewa ta shigo musu da wuri. Kaɗaici ma ciwo ne, sai dai na'urar Auta ba ta auna shi.

Jika: Ni fa a bar min matata ta sakata ta wala. Ranar Sallah tuwo malmala biyu ta tashi da shi, Anti Auta ki faɗi gaskiya, yaushe rabon da ta ci haka? Har labarin farin 1973 ta ba mu, yadda mutanen arewa suka cika zauren nan da soron baya, Alhaji yana auna musu gero da tiya har damina ta faɗi. Tana yi tana dariya tana zagina wai na fiye ci. Ni ban taɓa jin labarin ba sai ranar.

Auta: Ta ci, ban musa ba. Kai da ka koma gidanku ka kwanta ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Ƙarfe uku na dare tana dafe da kai tana kiran sunan Baba, tana tambayata su wane ne waɗannan a tsakar gida.

Ɗan Gwaggo na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni maganar kwana ce ta tsaya min. Inna ita kaɗai ta rage wa Hajiya a waɗanda suka fito ciki ɗaya mata. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024 ba su sa juna a ido ba, kullum Inna kuka take kada ɗaya ta tafi ba su gana ba. Yanzu na ɗauko ta, ƙafa ba lafiya, mun bi ta Ɗan Isa mun bi ta Jibiya, shinge bayan shinge, sai a ce ta zauna daga la'asar zuwa magariba ta juya? Mu ba baƙi ba ne a gidan nan.

Auta: Wallahi Yaya ban da Gwaggo a maganata. Gwaggo ko shekara za ta yi ina so. Ita ce ma ke lallashinta ta sha magani idan ni ta ƙi ni.

Babban Yaya: To kin gani. Da kin fara cewa ban da wance, dokar ta mutu. Wa zai tsaya a zaure yana tantance wanda ya isa da wanda bai isa ba?

Ustazu: Kawu, ina neman izini, ɗalibinka ne ke magana. Duk abin da ka kawo haka yake. Sai dai addinin da ya yi umarni da ziyara shi ya yi mata iyaka. A Suratun Nur aya ta 28 an ce idan aka ce muku ku koma, to ku koma, shi ne mafi tsarki a gare ku. A Suratul Ahzab aya ta 53, mutane ne suka ci walimar auren Nana Zainab bint Jahsh suka zauna hira a ɗakin Annabi (SAW), abin yana damunsa yana jin nauyin faɗa musu, sai Allah Ya saukar cewa idan kun ci ku watse. Haka hadisin baƙunci: liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mu yau kwana shida ake magana.

Kawu: Ka karanta daidai, Allah Ya ƙara sani. Amma ɗan da ya zo gidan uwarsa baƙo ne?

Ustazu: In ana kai masa ruwan wanka ana ajiye masa abinci a kwano rufe, Kawu, ai ya zama.

Yaya ta Funtuwa: Wannan jifan a kaina ya sauka, kuma na karɓa. Na zo da yara huɗu, na ce na zo gida in huta, na miƙe ƙafa. Sau ɗaya na shiga madafa. Da na ga Auta tana wanke zannuwan Hajiya da asuba na ce sannu na koma na kwanta. Allah Ya yafe min. Amma Auta, tsakaninki da Allah, da a ce mu sha taran nan mun karɓe miki girki da wanki, ɗaya ta kwana da Hajiya ke ki samu barci, za ki rubuto abin da kika rubuto?

Auta: Da zan rage. Ba zan fasa ba, don hayaniyar tana nan ko wa ya yi girkin. Amma da zan rage.

Babban Yaya: In maganar kashe kuɗi ce, ki turo lissafin gas da ruwa yanzu in tura miki. Kuma a nemo yarinya mai aiki, ni zan riƙa biya duk wata.

Auta: Yaya, ba ka taɓa gazawa wajen kuɗi ba, kowa shaida ne. Amma kuɗi ba ya tashi ƙarfe uku ya riƙe ta zuwa banɗaki. Mai aiki kuma an gwada, Hajiya ba ta yarda bare ya ga jikinta, ko zane ba ta bari a canza mata. Yarana suna can wajen kishiya, babbar za ta zauna jarrabawar fita sakandare bana. Abbansu bai ce komai ba, amma shirun nasa ya fara yawa. Mu bakwai Hajiya ta haifa.

Kawu: Nan kam ba ni da ta cewa. Ayar Isra'i da muke yawan ja, ta 23, cewa ta yi idan tsufa ya riski iyaye a wurinka. A wurinka. Ba a ware auta ba, ba a ware mace ba.

Anti Nas: Ni tambaya ɗaya gare ni. Tun safe ana ta yanke hukunci a kan ɗakin baiwar Allah, akwai wanda ya tambaye ta?

Auta: Na tambaya. Ta ce ba komai. Ko wuta aka ɗora mata ba komai za ta ce.

Kawu: Ba za ta faɗa muku ba, ku 'ya'ya ne, akwai kara. Ni ta goya ni, ba ta jin nauyina. Ku dakata in yi la'asar in leƙa.

Jika: Kawu ka gaishe min da amarya, ka ce angon na nan tafe da goro.

Kawu: To na dawo. Na same ta da Gwaggonku suna tsinke zogale. Na faɗa mata yadda aka yi ban ɓoye komai ba. Ga abin da ta ce, ban ƙara ban rage ba.
Ta ce ƙofarta ba za a rufe ba tana numfashi, ranar da aka ga gidan nan shiru to an fita da ita ne. Ta ce duk wanda ya tako a bar shi ya shigo, ko ba ta gane shi ba ya faɗi sunan uwarsa za ta gane. Amma ta ce daga azahar zuwa la'asar a bar ta ta runtsa, kuma bayan isha'i a kwashe yara daga ɗakinta, kanta yana sarawa, kunya ce ta hana ta faɗa. Ustazu, ka duba aya ta 58 a Suratun Nur, biyu daga lokuta ukun nan ne ta ambata, ita da ba ta yi nisa a allo ba. Lemo ta ce a daina buɗe mata, in an miƙo ba ta iya mayar da hannun mutum. Ta ce Auta ta rame, a sallame ta ta je ta ga 'ya'yanta ko na sati biyu ne.
Sannan ta yi tambaya, ta ce in isar. Ta ce Babban, da ya zo Sallah, a ina ya kwana? Don ita ba ta ji muryarsa da asuba ba.

Maman Khalifa: Ai gidan ne ya cika, shi ya sa ya kama ɗaki a masauki.

Yaya ta Funtuwa: Ni zan karɓi sati biyun farko bayan hutun makaranta ya ƙare, ni kaɗai, yaran su zauna wajen babansu. Sauran ku faɗi naku.

Auta: Na ji maganar Hajiya, na bi. Amma ina nan kan cewa sha tara sun yi yawa a ɗaki uku, Babbar Sallah a raba wasu gidan Kawu.

Kawu: Gidana a buɗe yake, sai dai kowa ya zo da tabarmarsa.

Ɗan Gwaggo na Maraɗi: Inna ta ce ita sai bayan sati za ta koma.

Anti Nas: Auta, ki ci gaba da awo safe da yamma kina rubutawa. In ya kwana uku bai sauka ƙasa da 160 ba, ko ta ce kanta na ciwo sosai ko ganinta ya dushe, kada ki jira ranar da aka ba ku, ku koma wajen likita.

Babban Yaya: Kawu, ka ce mata ina tafe ranar Juma'a. A shimfiɗa min a ɗakinta.

Auta: Allah Ya kawo ka lafiya Yaya. Ka taho da batirin na'urar awon jini, ƙanana guda huɗu. Kuma tana tashi sau uku, na ƙarfe ukun ne mai wuya.