An ce in dala ta tashi mai riɗi ke cin riba, to ni ina tawa ta maƙale?

Ɗan Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum. Ni dillalin hatsi ne a Tudun Hatsi, nan Gombe, ina kuma ɗan taɓa noman riɗi. Wani ƙanena da ya karanta tattalin arziki ya dage cewa faɗuwar naira alheri ce ga duk mai kayan da ake fitarwa waje. To riɗin nan ai a Legas ake loda shi a jirgin ruwa, a kai Chaina da Japan da Turkiyya. Tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, ya bar kasuwa ta riƙa yanke mata farashi, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin buhu ya ɗaga, ban musa ba. Amma kuɗin ba su da auki. Ina ribar ta maƙale?

Malam na Kumo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa maka. Dalar da ta ɗaga maka riɗi ita ce ta ɗaga maka maganin feshi, don yawancinsa daga Chaina yake zuwa. Takin NPK nan ake haɗa shi, amma sinadaransa daga waje ake shigo da wasu, har daga Maroko. Yuriya ma da ake yi a Fatakwal da Legas, kamfani na iya sayar da ita waje ya karɓi dala, to don me zai ba ka da araha? Ga dizal na tirela. Sannan kai da kaka kake sayarwa, lokacin da kaya suka cika kasuwa, naira kuma kake karɓa. Mai karɓar dalar yana can bakin ruwa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku dai ku gode wa Allah, kuna da abin sayarwa waje. Mu da muke saro atamfa da leshi a Kantin Kwari fa? Kullum mata na ce min, "Hajiya, ai tsohon kaya ne." In na sayar a tsohon farashi, da me zan sake sarowa? Da dala ta ɗan sauko a Afrilun 2024 har gori aka yi min, kafin na gama rage kuɗin ta sake hayewa.

Direban Mubi:
Alhaji, kar ka manta da sefa. Ita a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 656 ba kaɗan, ba ta rawa irin tamu. Shi ya sa da naira ta faɗi, mutanen Kamaru suka ga masararmu da wakenmu kamar kyauta, suka yi ta kwasa, mudu ya yi tsada a gida. Da kuka ya yi yawa, a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Tambayi waɗanda suka ɓoye masara a sito yadda suka ƙare a 2025.

Ɗan Tudun Hatsi:
Direba, ba sai na tambayi kowa ba, ina cikinsu. Malam, na gode. Bana in Allah ya yarda rabin riɗin zan riƙe zuwa bayan kaka, in masu bashin taki sun bar ni.